Jirgin da ke Jikin Takardar Baba

Shafi na 14

Na ga saƙonninku masu cewa ina tafiyar hawainiya. Ku yi haƙuri da ni, ita ma Nargis ɗin haka take tafiya, gwiwa ce ke damunta.

Ƙarfe sha ɗaya na safe ruwan hunturu yana sauka a Iskandariyya siriri-siriri, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya manta da shi. Teku ya yi launin toka, sama ma haka, har ba ka gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Nargis na zaune a taragon mata na jirgin ƙasan cikin gari, ta rungume wani abu mai faɗi da ta naɗe da tawul, ta sake naɗe shi da ledar tebur. Firam ne mai gilashi. Shekara arba'in da huɗu yana rataye a saman keken ɗinkinsu, yau ne ya fara ganin titi.

A cikinsa takardar hannun jarin mahaifinta ce, Usta Garib, wanda ya ƙare rayuwarsa yana soya riɗi a kamfanin alewar da kowa ke kira Mai Jirgi. Wata sallah mai kamfanin ya raba wa tsofaffin ma'aikata hannun jari, Usta Garib ya samu ɗari uku. Takarda ce shuɗiya mai zanen igiyoyin ruwa a gefe, a tsakiya jirgi ya buɗe filafilansa. Tana yarinya takan kwanta a tabarma ta zuba masa ido har ya fara motsi. Ta sha shiga jirgin nan. Ta je garuruwan da ba ta san sunansu ba, ta dawo kafin a kira ta wankin kwanuka.

Shekarar da Baba ya kwanta ciwo sai wani ɗan wata ya fito a saman jirgin, zagayayye, rawaya. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ɗauka alama ce daga Allah.

Jiya matar mai gadin kamfanin ta hau har bene ta gaya mata cewa ranar Lahadi akwai babban taron masu hannun jari. Wasu masu kuɗi sun yi tayin sayen kamfanin, su rushe shi su gina dogayen benaye masu kallon teku. Ma'aikata na tattara ƙuri'u don su ce a'a, kuma kaɗan ya rage musu. Duk mai son a ƙirga muryarsa sai ya je wurin dillali an kulle masa hannun jarinsa, kuma yau ƙarfe biyu ake rufe karɓa.

Nargis ba ta gane rabin maganar ba. Abu ɗaya ta gane: in aka sayar, ƙamshin riɗin da ke tashinta kowace asuba tun tana cikin zanin goyo zai ɗauke.

Ofishin dillalan yana hawa na biyu, a saman wani kantin magani. Tana tura ƙofa ɗumi ya buge ta, da warin jiƙaƙƙun riguna da shayi. Tsofaffi ne jere a kujeru, kowa ya ɗaga kai yana kallon wani babban allo mai haske. Lambobi kore da ja suna wucewa a hankali, kamar kifaye a cikin kwalba. Ta tsaya tana kallonsu har ta manta abin da ya kawo ta.

“Sitt, in hoton kakanki kika kawo sayarwa, kasuwar tsofaffin kaya tana Attarin.”

Wani tsoho ne mai kwat da jan nakatayi, Amm Shahata, wanda ya yi ritaya daga yanka tikiti a tarago. Hannun jari arba'in gare shi a wani kamfanin siminti, kuma kullum sai ya zo ya yi gadinsu daga buɗewa har rufewa, kada su gudu.

Na kusa da shi ya ce ai shi ma can Attarin ya kamata a kai shi, sai dai ba mai taya shi. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ɗauke ido daga allon.

A can ƙarshen ɗakin wani dattijo ya ɗago daga bayan tebur. Ustaz Milad ne, tabaransa ɗaure da zare, ɗan zanen gicciye a wuyan hannunsa. Ya nuna mata kujera, ya sa aka kawo shayi. Da ta kwance ledar ta kwance tawul, sai ya jawo firam ɗin gabansa. Ya goge gilashin da hannun rigarsa.

“Ke ’yar Usta Garib ce.”

“Ka san shi?”

“Duk zuwan da zai yi sai ya bar min ƙamshin riɗi a kujerar nan har kwana biyu. Allah Ya ji ƙansa.”

Ta ce amin. Ta ce ta zo ne a kulle mata takardar, duk da ba ta san ina ake sa kwaɗon ba.

Bai yi dariya ba. Ya juya firam ɗin wajen haske, ya ɗora yatsa a saman jirgin, daidai kan ɗan watan nan.

“Kin ga wannan hujin?”

“Wata ne.”

“Huji ne, Sitt Nargis. Kwalin baya ne kike hangowa ta ciki. Duk takardar da aka soke, haka ake huda ta.”

A hankali ya yi mata bayani, kamar mai ba yaro magani. Ya ce an daɗe da daina aiki da takarda. Hannun jari yanzu suna ne a cikin na'ura, a wata babbar ma'ajiya a Alƙahira. Da aka kwashe su can, sai kamfanin ya huda tsofaffin takardun ya mayar wa masu son ajiyewa don tarihi. Wannan da take runguma, in ta kai Attarin, firam ɗin za su fi taya wa.

Ruwa ya ci gaba da gangarowa a jikin taga. Nargis ta ji kamar kujerar tana lilo a kan teku. Shekara goma sha tara tana goge mataccen abu kowace Juma'a.

“To jirgin ya nutse ke nan,” ta ce.

“Wa ya ce? Takardar ce ta mutu. Bari mu ga inda jirgin ya kai.”

Ya danna na'urarsa da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsintar tsaba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya cire tabarau ya sake mayarwa.

Ya ce ɗari ukun nan sun hayayyafa. Wata shekara an tsaga kowane ɗaya gida goma, kamar yadda ake yanka faifan alewa: faifan bai ƙaru ba, gutsuren ne suka yi yawa. Wasu shekarun kuma kamfanin ya ci riba amma bai so ya fitar da tsabar kuɗi ba, sai ya raba hannun jarin kyauta, wannan kam ƙari ne. Ta nuna masa inda aka rubuta fam goma a fuskar takardar, ta ce to nawa ne yanzu. Ya ce fam goman nan sunan yanka ne, ba ya canzawa. Kasuwa kuwa laƙabi take ba shi, kullum da sabo. Ya nuna mata allon. Can a layi na bakwai ga Mai Jirgi, kore shar, yana hawa tun da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin sayarwa.

“Kashi biyu na yayana Abeh Lutfi ne, ɗaya nawa,” ta ce. “Haka gado yake. In an kulle nawa ma ya isa.”

Ustaz Milad ya dube ta ta saman tabarau.

“Babu gado a nan. Duka naki ne.”

“Nawa?”

“Ni na cika takardun da hannuna. Wata biyu kafin bakinsa ya mutu ya hau benen nan yana haki, da katinki a aljihu. Ya ce a mayar da su sunan Nargis, ita ta bar nata jirgin ya tafi ta zauna da ni.”

Ta sunkuyar da kai. Akwai wani makanikin jirgin ruwa da ya jira ta shekara biyu, sannan ya tafi. Ba ta san Baba ya lura ba.

Sai Ustaz Milad ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda ba ta sani ba, alhali duk shekara ana karɓar mata rabon riba. Duk watan Afrilu kamfani yana ware wani abu daga ribarsa ya raba wa masu hannun jari, kuma nata bai taɓa kwana ba. Wakilinta ke karɓa.

“Ba ni da wakili.”

Ya juyo mata da fuskar na'urar. Karatunta ba mai sauri ba ne, ta bi harafi-harafi da yatsa. Lutfi Garib.

Sai ta tuna. Kwana uku da rasuwar Baba, tana cikin baƙaƙen kaya, idonta a kumbure, yayanta ya kai ta wani ofishi ta sa hannu. Ya ce don fansho ne, kada ta riƙa wahalar layi. Haka kowace mace a layinsu ta yi wa yayanta, ba wadda ta taɓa karantawa.

Kuma ta tuna ambulan. Duk bazara, ana gobe bikin shan iska, ranar da kowa ke cin kifi mai gishiri, Abeh Lutfi zai hau bene da farin ambulan ya tura mata ƙarƙashin farantin shayi. Ki sayi kifi mai gishiri, ƙanwata, kada a ce ba ki da kowa. Ita kuma ta tashi ta sumbaci kansa, ta raka shi har ƙasa da addu'a.

“Ƙarfe ɗaya ya ce zai zo,” in ji Ustaz Milad a hankali. “Zai kulle su ne ya ba masu saye ƙuri'ar.”

Shayinta ya huce. Ta zauna tana kallon kifayen allo suna wucewa, kore, ja, kore, har agogon bango ya wuce ɗaya da kwata.

Lutfi ya shigo yana kakkaɓe lema, dogo, mai furfura, da tafiyar tsohon ma'aikacin kwastan. Ya gaisa da tsofaffin da sunansu. Amm Shahata ya ce Basha babban mutum ya iso, a share hanya, yau Mai Jirgi zai tashi sama. Lutfi na murmushi har ya zo tebur. Nan murmushin ya tsaya.

Ya dubi ƙanwarsa. Ya dubi firam ɗin.

“Me ya fito da ke cikin ruwan nan, da gwiwarki?”

“Na zo sayen kifi mai gishiri, Abeh.”

Ya ja kujera ya zauna a hankali. Ya ce wa Ustaz Milad ai sirrin abokin ciniki amana ne. Ustaz Milad ya ce haka ne, shi ya sa ya gaya wa mai abin.

Lutfi ya fara magana da muryar da yake yi mata tun tana ƙarama, mai taushi, mai nuna ya fi ta sani. Ya ce kamfanin ya tsufa, injinansa sun girme su su biyun. Ya ce farashin nan da take gani ba zai sake dawowa ba. Ya ce in an sayar zai samo mata gida mai na'urar hawa bene, ta huta da matakala sittin da biyu. Ya ce duk don ita yake yi.

“Tun yaushe ka sani?”

“Nargis, ana jinmu.”

“Su allo suke kallo. Tun yaushe?”

Ya ɗauki lokaci yana murza hannun lemar.

“Ranar uku. A aljihun jallabiyarsa na ga takardun.” Muryarsa ta canza. “Ni ne ɗansa namiji. Ni na ɗauki makararsa. Ya tsallake ni kamar kwata, ko kalma bai bar min ba.”

“Bakinsa ya mutu, Abeh.”

“Hannunsa bai mutu ba ranar da ya zo nan.” Ya share fuska. “Rabi nake kawo miki. Wallahi rabi. Ban taɓa rage ko sisi a kan rabin ba.”

“Ban tambaye ka nawa ba.”

“To me kike so?”

Ta dubi hannuwanta, yatsun da allura ta huda har suka daina jin zafi. Da su ta ɗinka wa ’ya’yansa uku rigunan aure, kowace wata guda tana kanta, ba ta karɓi ko kuɗin zare ba. Tana ɗinki tana cewa da me zan saka wa Abeh.

“Kuɗin na yafe,” ta ce. “Godiyata nake so ka dawo min da ita. Sau goma sha tara na sumbaci kanka.”

Tsofaffin suka ɗauke ido daga allon. Ko Amm Shahata ya daina tari.

Sai Lutfi ya ce ya riga ya ba mutanen nan kalmarsa, kuma takardar wakilci tana hannunsa, da hatimi, ba ta mutu ba.

Ustaz Milad ya ce gaskiya ne ba ta mutu ba. Amma in mai abu ya zo da ƙafarsa, wakili ɗan kallo ne. Abu ɗaya kawai ake buƙata daga Sitt Nargis, katin shaidarta, don na'ura ba ta san fuska ba.

Nargis ta laluba jakarta duk da ta san ba ya ciki. Firam ɗin kawai ta ɗauko, don a tunaninta shi ne komai. Katin kuwa ya fi shekara goma yana cikin walat ɗin yayanta, shi ke sabunta shi, shi ke kai shi duk inda ake nema.

“Abeh, katina.”

“Yana gida.”

Ya sosa bayan kunne. Tun yana ɗan makaranta haka yake yi in ya sha madarar da aka aike shi saye.

Ba ta sake roƙo ba. Agogo ya nuna biyu saura ashirin. Ko da tana da fuka-fuki, ba za ta je gidansa ta dawo ba.

Lutfi ya miƙe. Ya dafa tebur da hannu biyu, ya sunkuya a kan firam ɗin, ya daɗe haka har numfashinsa ya yi hazo a gilashin.

“Ranar da Baba ya kawo takardar nan gida, ni ya fara ɗagawa na gani,” ya ce. “Ke kina barci.”

Ya ɗauki lemarsa ya fita. Bai nemi a kulle masa komai ba, bai yi wa tsofaffin sallama ba. Ana jin takunsa a matakala har ya ɓace.

Ustaz Milad ya jawo aljihun tebur ya fito da takardu biyu, ya jera a gabanta. Ya ce ko da ba za su yi amfani ba, haƙƙinta ne ta san abin da ke hannunta. Ta dama ta kullewa ce: in ta sa hannu, ba ta da ikon sayarwa sai bayan taro, amma za ta shiga ranar Lahadi ta ɗaga hannu a ƙirga ta, kuma da yawan nata ma'aikata za su iya rinjaye. Sai dai in aka fasa cinikin, koren nan zai koma ja kafin ta gama shan shayi. Ta hagu kuma umarnin sayarwa ne, yau, a farashin allo.

Ya rubuta wata lamba a gefen jarida ya tura mata.

Ba ta ƙirga ba. Sifirin sun jeru a layi, zagayayyu, kamar tagogin babban jirgin ruwa. Ta ga kanta a bayan ɗaya daga ciki, da farin mayafi, gari yana ja da baya, gwiwarta ba ta ciwo. Sai kuma ta ji ƙamshin riɗi, da usur ɗin kamfani na asuba, da takun ma'aikata ɗari biyu suna wucewa ta ƙarƙashin tagarta da burodi a hammata.

“Ba kati dai, duk mafarki ne,” ta ce. Ta jawo tawul ɗin za ta naɗe kayanta.

Hazon numfashin yayanta ya gama bajewa daga gilashin. A kusurwar firam ɗin ta ƙasa, inda katako ya ɗan saki, wani abu ya maƙale. Ƙarami, mai sheƙi, da hotonta na shekarun baya tana hararar mai ɗauka.

Katinta ne, a daidai inda yayanta ya sunkuya. Ta zaro shi da yatsu biyu.

Bakinta ya buɗe da kansa, kalmar godiya ta taso har kan harshe, yadda ta saba tasowa duk bazara. Ta waiga taga. Can ƙasa wani dogon mutum yana tsallaka layin tarago, lema a rufe a hannunsa, ruwa na sauka a furfurarsa.

Ta haɗiye kalmar.

Ustaz Milad ya karɓi katin, ya duba gaba ya duba baya, ya ɗaga kai ya dubi agogo.

“Saura minti bakwai, Sitt Nargis. Wacce?”

Ya miƙa mata bironsa. Ta gwada a gefen jarida, ya ƙi kamawa. Ya yarfa shi, ya hura masa iska, ya ƙi. Ya shiga jan aljihunan tebur ɗaya bayan ɗaya.

Wani hannu ya zo ta gefen kafaɗarta. Amm Shahata ne. Ya cire murfin alƙalaminsa na aljihun kwat, wanda ba ya ara wa kowa, ya sa mata tsakanin yatsu, ya gyara mata riƙon. Kafin ta juyo ya koma kujerarsa, ya ɗaga kai yana gadin simintinsa.

Bakin alƙalamin ya tsaya a iska, tsakanin dama da hagu.